Kuɗin rasit ɗin kasuwannin garuruwanmu, wai ina yake shiga ne?

Kowa a Kano yana da ƙorafi a kan cikar gari. In ka hau adaidaita daga Kurna zuwa Bata da safe za ka ji a jikinka, in ka je neman hayar ciki da falo a Ɗorayi ko Sheka za ka ji a aljihunka, kullum sai ka ga sabuwar unguwa ta tsiro a inda bara gonar gero ce, ba lambatu ba makaranta, awon igiya kawai. Kuma duk gwamnatin da ta zo amsarta ɗaya ce, gada. An yi ta Ƙofar Nassarawa, an yi ta Dangi, an yi ta Hotoro, har yanzu ana kan yi. Ni ban ce gada ba ta da amfani ba, ina bi ta kai kuma ina jin daɗi, amma mutanen da suke cika titin nan daga wani wuri suke tahowa, kuma abin da ya koro su daga can ba gadar da za ta gyara shi. Yaron da yake ja maka adaidaita, ko mai tura kurar ruwa a layinku, ko ɗan dako a Singa, ka tambaye shi garinsu mana, zai ce maka Sumaila ko Kunchi ko Ajingi ko Rogo, kuma in ka bi diddigi garin nasu yana da kasuwa, kasuwar da kakansa ya ci a cikinta ya aurar da 'ya'ya har ya je Makka.

Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 44, babu jihar da ta kai ta yawa a cikin 774 ɗin da ake da su a ƙasar nan, Legas ma da ake ta kwatanta mu da ita 20 gare ta a tsarin mulki. A cikin 44 ɗin guda 8 ne muke kira cikin gari, Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Saura 36 duk a waje suke, kuma da wuya ka samu ɗaya da ba ta da kasuwar mako wadda ake ji da ita. Wudil ranar Juma'a, karar shanunta har daga kudu ake zuwa lodi. Dambatta ranar Lahadi. Wasu ma sunan ranar ne ya zama sunan garin, Larabar Abasawa, Ladin Makole. Ga Getso, ga Badume, ga Darki, ga Kachako. Mu 'yan birni da yawanmu sai dai mu wuce su a mota muna tsaki saboda sun tare hanya, ba ma tunanin cewa tuwon da za mu ci da daddare daga nan ya taso.

Don kuwa Dawanau da muke alfahari da ita, wadda 'yan Nijar da Chadi suke zuwa sayen hatsi, ake loda riɗi da zoɓo a kwantena har ƙasashen waje, ita ba ta noma ko zangarniya ɗaya. Mudu-mudu ake tara kayan nan a kasuwannin ƙauye, wata tsohuwa ta kawo tiya uku na wake, wani ya kawo rabin buhun riɗi a bayan babur, 'yan sari su haɗa ya zama buhu, buhu ya zama mota, sannan ya iso hanyar Katsina. Haka 'Yankaba take da kayan gwari. Haka tumatirin Kwanar Gafan a Garun Malam, da rani in ka bi hanyar Zariya za ka ga kwanduna jere iya ganinka ana loda wa manyan motoci zuwa Legas. Haka shinkafar Kura da mata suke turarawa a tukunya a cikin gidajensu. Birni dillali ne, kayan na mutanen karkara ne.

To yanzu bari in faɗa muku yadda kasuwar garin kakannina take, ba zan kama suna ba don ba ita kaɗai ba ce, kuma ba na son a ce da wani nake. Da damina in an kwana ana ruwa, bakin kasuwar nan sai ka naɗe wando har gwiwa. Ruwan da ya taho daga cikin gari babu inda zai bi sai ta layin masu hatsi, sai ka ga mutum ya ɗora buhunsa a kan tsofaffin tayoyi da duwatsu yana tsaye a kai kamar mai gadi. A-kori-kura ba ta iya shiga, sai ta tsaya a bakin kwalta, 'yan dako su ninka kuɗinsu, kuma ba laifinsu ba ne, kai ma in aka ce ka ɗauki buhun masara a cikin wannan taɓon sai ka ninka. Mahauta a ƙasa suke yanka a bayan rumfuna, su shimfiɗa fatar su yi fiɗa a kanta, ruwan wanke kayan ciki daga kududdufi ake ɗebowa a jarka. Banɗaki kuwa akwai wani gini mai ƙofa huɗu da aka yi tun ina yaro, rufin ya tafi, ƙofofin an cire, maza sai su zaga bayan kara, mata kuma masu sayar da daddawa da kuka da man gyaɗa tun hantsi har la'asar haka za su zauna, wasu ko ruwa ba sa yarda su sha saboda sun san babu inda za su. Wannan abin yana ci mun rai wallahi, uwar wani ce fa, kuma ita ma ta biya kuɗin rasit.

Eh, ta biya. Abin da ba ya taɓa fashi a kasuwar nan shi ne yaran rebenu. Ko ana ruwa ko ana rana suna nan da ɗan littafinsu, mai tabarma ya biya, mai rumfa ya biya, kowace dabba da aka sayar a kara akwai nata, kowace mota da ta yi lodi akwai nata, wani lokacin a yago maka takardar wani lokacin a ce rasit ya ƙare kawo kawai. Kuɗin ba shi da yawa a kan mutum ɗaya shi ya sa ba mai tsayawa rigima, amma ka lissafa mutanen da suke cin kasuwa guda a yini, ka ninka da sati 52, ka ninka da shekarun da aka yi ana karɓa, sannan ka waiwaya ka nemi abu ɗaya a cikin kasuwar da za a nuna maka a ce da kuɗin rasit aka yi wannan. Ni dai a tamu ban gani ba.

Kuma kar wani ya ce mun ai aikin gwamna ne ko na Abuja. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ƙarara aka rubuta cewa kafawa da kulawa da tsara kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da banɗakunan jama'a nata ne, haka ma tituna na cikin gari da magudanan ruwa da kwashe shara. Wato duk abin nan da na lissafa a sama, ɗaya bayan ɗaya, aikin ciyaman ne da kansilolinsa. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 dalilin kafa su kenan, a kawo gwamnati kusa da talaka, wanda zai gyara maka kwalbati ya zama mutumin da kuke haɗuwa a masallacin Juma'a.

Na san amsar da za su bayar, kuma akwai gaskiya a cikinta. Za su ce kuɗin ba ya zuwa hannunmu. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, amma sashe na 162 ya ce a zuba a asusun haɗin gwiwa na jiha, daga nan kuma sai abin da aka ga dama. A cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire na fansho, a cire na masarauta, a cire na ayyukan haɗin gwiwa waɗanda sau da yawa a cikin birni za ka gan su, abin da ya rage a miƙa wa ciyaman ya yi hidimar ofis da ta 'yan jam'iyya. Wannan ba a Kano kaɗai ba ne kuma ba jam'iyya ɗaya ba ce, kowa ya samu dama ya yi. Shi ya sa da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, cewa a dinga tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu, mutane suka yi ta murna a rediyo da Facebook kamar an gama. Daga baya kowa ya ga yadda aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa.

Amma ni ko da an wayi gari kuɗin yana faɗowa kai tsaye ba ragi, ban yarda kasuwar garinmu za ta gyaru don wannan kaɗai ba. Dalilina na farko, ciyaman ɗin da gwamna ne ya ɗauko shi ya ba shi takara, a zaɓen da jam'iyya mai mulki take cinye kujeru duka, kamar yadda aka yi a nan a Oktoban 2024 da kuma zaɓukan da suka gabace shi a ƙarƙashin wata jam'iyyar, ko an sa masa kuɗin a aljihun rigarsa ya san wanda zai kai wa gaisuwa. Na biyu kuma, wanda ba a cika faɗa ba, da yawansu a nan cikin birni suke zaune tare da mu. Iyali suna Kano, yara suna makarantar kuɗi a Kano, sakatariya sai ranar da giran, wato kason wata-wata na asusun tarayya, ya shigo ko za a yi wani taro. Mutumin da matarsa ba ta taɓa aika yaro kasuwar nan sayen kayan miya ba, ta yaya taɓon zai dame shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa ba ya kwana a ɗakin.

Sannan akwai wani tarko da nake tsoro fiye da rashin kuɗin ma, shi ne abin da ake kira kasuwar zamani. In aka ce wa ɗan siyasa ya gyara kasuwa abin da yake zuwa kansa shi ne jerin shaguna na bulo masu ƙofar ƙarfe, a shafa musu fentin kalar jam'iyya, a yanka kyalle a ɗau hoto. Sai a raba shagunan, kansila biyu, shugaban jam'iyya biyu, wani na hannun daman wane uku, su kuma su sa haya wadda mai sayar da barkono ba za ta iya biya ba ko da za ta shekara tana tarawa. Wani lokacin ma a kai ginin can bayan gari inda fili ya fi araha ko inda wani yake da gonar da yake son a biya shi diyya, 'yan kasuwa su ƙi tashi, shagunan su zama ɗakin awaki. Kasuwar mako ba Kantin Kwari ba ce. Mutum sau ɗaya yake zuwa a sati, gobe yana wata kasuwar jibi yana wata, abin da yake so inuwa ce da daɓe mai tsayi wanda ruwa ba zai hau ba, da inda zai ajiye ragowar kayansa a kulle zuwa wani satin. Shago mai kwaɗo ba shi ne damuwarsa ba.

Mun ma ga irin wannan a aikin titi mai kilomita biyar-biyar da Kwankwaso ya fara a hedikwatocin ƙananan hukumomi a zangonsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Tunanin mai kyau ne, ni ina cikin masu yabawa, a ce kowane gari ya samu tagwayen titi da fitila ya yi kama da gari. Wasu an gama, da yawa kuma aka bar su shekara da shekaru an rushe gidajen mutane an tone hanya ana shan ƙura saboda siyasa ta canza, sai da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta zo aka koma kan wasu. Babban aiki da aka tsara daga birni haka yake, in mai shi ya tafi sai ya zama maraya. Ƙaramin aiki da mutanen gari suka san kuɗinsa kuma suka san ɗan kwangilar, ya fi wuyar yasarwa.

Abin da nake ganin ya kamata kuɗin ƙaramar hukuma ya fara shiga ba shi da wani kwarjini, ba wanda zai sa a yi maka waƙa. Lambatu tukuna, a san inda ruwa yake bi a ba shi hanya, a cike layukan da marmara a daddaɓe. Sai ruwa, bohol ɗaya mai sola da tanki, a ja famfo zuwa kwata a ja zuwa kara, don dabbar da ta yini a rana ba ruwa ramewa take a idon mai saye kuma makiyayi ne yake asara. Sai kwata mai daɓen siminti da ƙugiyoyin rataye nama da ramin zubar da jini, wannan kam har mu 'yan birni ya shafa tunda ba mu san inda aka yanka abin da muke ci a tsire ba. Sai banɗaki, na mata daban da ƙofarsa daban, a ba wa wani ya riƙe yana karɓar ɗan abin da ba zai gagara ba yana wankewa, don in aka ce na kowa ne wata uku ba zai yi ba. Sai tasha a gefe da wurin lodi, a sauke motoci daga kan kwalta, duk wanda yake bin hanyar Wudil ko Dambatta ranar kasuwa ya san yadda ake yi.

Sito kuma shi ne inda kuɗin manomi yake zubewa. Da kaka kowa ya kawo kaya rana ɗaya, farashi ya faɗi, mutum ba shi da inda zai ajiye kuma ba zai biya mota ya koma da shi gida ba, dillali ya san haka shi ya sa yake jira sai la'asar sakaliya sannan ya taya, a sayar masa a wulaƙance. Kasuwa a kai miki dole kenan. In da akwai sito na hukuma mai tsaro inda za ka ajiye buhu a ba ka takarda ka biya ɗan wani abu, da mutum zai iya cewa albarka ya tafi gida. Masu tumatir nasu ya fi muni tunda shi ba ya jira, kwandon gargajiya ana ɗora wani kan wani na ƙasa ya matse ya zama ruwa kafin a kai kudu. An buɗe kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa a 2016 da fatan zai share wannan hawayen, ya yi ta buɗewa yana rufewa. Ƙaramar hukuma ba za ta gina kamfani ba, amma za ta iya yin rumfa mai inuwa, ta sayi kiret na roba ta dinga bayarwa haya, ta yi daɓen shanya mai tsafta don masu yanka shi su busar su daina shimfiɗawa a gefen titi ƙura tana hawa.

Da wuta, ko ta sola ce, layi guda na masu injin niƙa da casar shinkafa da walda da masu cajin waya da POS. Nan ne aikin yi yake. Saurayin da yake da injin casa a garinsu yana samun na cefane kullum, me zai kawo shi Kano ya kwana a shagon wani?

In wani yana ganin mafarki nake, ai an taɓa yi a jihar nan. Audu Bako da ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975 ya kai kuɗi karkara ya gina madatsun ruwa, Tiga ita ce babbarsu, kuma yau duk noman ranin Kura da Bunkure da Garun Malam a kanta yake tsaye, kasuwar Kwanar Gafan ma albarkacin ruwan nan ce. Abubakar Rimi daga 1979 ya soke haraji da jangali ya kai wutar lantarki garuruwa, har yau tsofaffi a ƙauye suna ambatonsa. Su gwamnoni ne, na sani, amma sun nuna cewa in aka zuba a can yana fitowa, har mu na birni mu ci.

Akwai masu cewa kuɗin rasit ai bai taka kara ya karya ba, ko an tara ba zai gina komai ba. To a nuna mana mana. Abin da nake nema kenan kafin komai, allo ɗaya a bakin kowace kasuwa, ko baƙin allo ne irin na firamare, a rubuta da alli: satin da ya wuce an tara kaza daga rumfuna, kaza daga kara, kaza daga tasha. A yanke wani kaso, ko rabi ne, a ce wannan ba zai bar kasuwar ba, a sa shi a asusun da sarkin kasuwa da sarkin pawa da wakiliyar mata da mutum ɗaya daga sakatariya za su sa wa hannu tare. In kuɗin kaɗan ne kowa zai gani ya yi haƙuri, a yi lambatu bana a yi banɗaki baɗi, giran in ya zo ya cika sauran. In kuma da yawa ne, to sai a gaya mana inda na baya ya shiga. Ina kyautata zaton 'yan kasuwa da kansu za su yarda a ƙara musu kuɗin rasit ranar da suka ga famfo yana zuba, mutanenmu ba ƙin biya suke ba, sun gaji ne da biyan abin da ba sa gani.

Wanda zai matsa a yi hakan kuwa ba tsohuwa mai daddawa ba ce, ita tsoron ɗan rebenu ma take kar ya kwashe mata tire. Mu ne, 'yan asalin garuruwan nan da muke zaune a Kano, malaman jami'a da ma'aikatan banki da 'yan kasuwar Kwari da lauyoyi, kowane gari yana da ƙungiyar ci gaba da take taro a birni duk wata, a sha lemo a yi rigimar wa zai zama shugaba a buga kalanda mai hoton hakimi. Akwai dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Takarda ɗaya ce mai sa hannun mutum goma da ake jin kunyarsu a garin, a kai sakatariya a ce muna son lissafin kuɗin shigar kasuwa na shekarar da ta wuce, a kai kwafi gidan rediyo. Ƙungiyar garinmu tana da lauyoyi har da wanda ya taɓa riƙe muƙami, kuma a taron da ya wuce ajandar farko ita ce kalar yadin ankon da za a saka ranar hawan sallah.